Shawarwarin da muka tattaro kan nutso cikin kogon ruwa

Daren Juma'a a majalisar shayinmu ta Aboabo, a Kumasi, hira ta gangaro kan masu nutso da tulun iska cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa. Wani ƙanenmu ne ya tayar da zancen, wai tunda ya iya iyo a Tafkin Bosomtwe, shi ma zai gwada. Baba, wanda ya daɗe yana aikin nutso a Takoradi, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, iya iyo daban, kogo daban. A tafki ka gaji sai ka taso sama. A kogo dutse ne bisa kanka."

Ya fi daɗewa kan maganar iska. A raba ta uku: kaso ɗaya na shiga, ɗaya na fita, na ukun ajiya ne, ko don kanka ko don abokin tafiya. Sai igiya, wadda ake ɗaurawa tun daga bakin kogo don a bi ta a fito, domin ƙafa ɗaya ta tayar da laka, ruwan ya duhunce, ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Fitila kuwa uku ake riƙewa, kuma ba a shiga sai da horo na musamman.

Wani ya tuno kogon Tham Luang na Tailan a 2018: an ceto yara 12 da kocinsu, amma ƙwararren mai nutso Saman Kunan ya rasu a aikin.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne yaranmu da ke wanka a ramukan galamse (haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba) da ruwa ya cika. Baba ya ce ko shi ba zai sa ƙafa ciki ba.