Neman shawara: ina so in hau Dutsen Sina a wannan hutun, amma Baba bai sani ba

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a Kulliyyar Shari'a, ina zaune a unguwar Hayyul Ashir da ke Alƙahira. Tun da na zo Masar, in ka cire masallacin Azhar da kasuwar Ataba da wurin sabunta iƙama (takardar izinin zama), ban san ko'ina ba. Ko Dalar Giza daga tagar mota na hango ta. Yanzu abokan karatuna 'yan Malesiya sun haɗa tafiya zuwa Jabal Musa, wato Dutsen Sina, a hutun tsakiyar shekara, ƙarshen Janairu, kuma raina ya biya ƙwarai. Abin da ya dame ni, ranar da zan taho Baba ya ce mini karatu ya turo ni, ba yawo ba. Ina tunanin in tafi shiru, tunda kwana biyu ne kawai kuma kuɗin na tara da kaina. Sannan fasfona yana wurin sabunta iƙama, rasit kawai ke hannuna. Akwai kuma abokina ɗan Damagaram mai sikila, shi ma ya ce sai ya je. Waɗanda suka taɓa zuwa, ku ba ni shawara don Allah.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Na hau sau biyu, kuma ina gaya maka wurin ya cancanci wahalarsa. Amma fara da maganar fasfo: kada ka kuskura ka kama hanyar Sina da rasit kaɗai. Da zarar kun ratsa ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suwais, shingayen bincike ne a jere, kuma baƙo shi ake fara tambaya takardu. A tamu tafiyar an sauke wani ɗan'uwa, muka yi kusan awa biyu ana kiraye-kirayen waya. In fasfon bai fito ba, ka haƙura, dutse ba ya gudu.

Sai sanyi. Ƙanina, manta da hunturun Kano. Tsayin dutsen mita 2,285 ne, a Janairu ruwa na daskarewa a sama, wani lokacin har ƙanƙara na sauka. Ana fara hawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare don a riski fitowar rana, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ta hanyar raƙuma, tare da ɗan jagora daga Larabawan Jabaliyya, don ba a barin mutum ya hau shi kaɗai. Ko ka hau raƙumi, matakala 750 na ƙarshe da ƙafarka za ka taka su, kuma nan ne gwiwa ke rawa. Akwai wata hanyar mai matakala 3,750 tun daga ƙasa, ita kam a bar ta sai wajen saukowa da rana. Ka sa kaya bisa kaya, safar hannu, hular sanyi, takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe tocila da dabino da ruwa. Akwai rumfunan shayi a hanya, suna ba da hayar bargo. Mun yi asuba a ƙaramin masallacin da ke ƙololuwa, hannuna ya ƙi lanƙwasuwa saboda sanyi, amma da rana ta ɓullo duwatsun nan suka yi jawur, babu wanda ya iya cewa uffan.

Malam Ɗan Zazzau:
Ɗana, kai ɗalibin Shari'a ne, don haka ka gyara niyya kafin ka ɗaura takalmi. A Muwaɗɗa akwai labarin Abu Huraira da ya dawo daga dutsen Ɗur, wato Ɗuri Sina, Basra bn Abi Basra ya ce masa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, ya kawo masa hadisin da ya ce ba a yin tafiya takanas don ibada sai zuwa masallatai uku. Saboda haka in za ka je don neman tabarruki ko don kana ganin salla a can ta fi lada, malamai da yawa sun hana. In kuwa don kallon halittar Allah ne da sanin ƙasar da kake zaune a ciki, wannan tafiya ce ta halal. Kuma masana tarihi ba su haɗu a kan cewa wannan dutsen shi ne ainihin wanda Annabi Musa ya tsaya ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "in tafi shiru". Hanya ce ta awowi masu yawa a mota cikin hamada. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wa zai kira mahaifinka, kuma me zai ce masa? Kira shi da kanka.

Ummu Sadiƙ:
Ni ina karatun likitanci a nan, maganar ɗan Damagaram ce ta sa na shigo. In SS ne, kada ya hau. Sanyi mai tsanani, ƙarancin iska a tudu, gajiya da ƙishirwa, duk abubuwan da ke tayar da ciwon ne suka haɗu a dare ɗaya, ga babban asibiti da nisa. Ko AS ne ma ya fara ganin likita. In ya nace sai ya bi ku, ya kwana a garin Sant Katrin, da safe ku haɗu a gidan ibadar Kiristoci da ke gindin dutsen. An gina shi tun ƙarni na 6, zamanin Sarki Justiniyan, kuma a cikin ganuwarsa akwai masallaci na zamanin Faɗimiyyawa. Da safe kawai ake buɗe wa baƙi.

Yaya Bature:
Shekara biyu a Alƙahira ba ka shiga masallacin Ibn Ɗulun ba, wanda aka kammala a 879, ba ka taka titin Mu'izz da daddare ba, kana maganar Sina? Je ka Fusɗaɗ ka ga masallacin Amru bn Asi, ka hau Ƙal'ar Salahuddin. Katin ɗalibi na rage maka kuɗin shiga. Ka tura wa Baba hotunan waɗannan da ɗan bayanin tarihinsu, zai gane yawon ma karatu ne.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na kira Baba jiya bayan isha'i. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya tambaye ni ko dutsen da ke cikin Suratut Tin ne. Na faɗa masa abin da ka ce game da saɓanin masana. Ya ce sai sakamakon jarrabawa ya fito kuma fasfo ya dawo hannuna, in duka biyun sun yi kyau in je a hutun bazara, in kira shi daga can. Abokina SS ne, Anti, na nuna masa saƙonki ya haƙura. Ranar Juma'a ni da shi za mu fara da Ibn Ɗulun. Abu Hanif, a bazara ma sai da bargo a sama, ko rigar sanyi ta isa?