Ya ake tsara lokacin aiki in duk ƴan sa-kai ne?

Ɗan Kawo: Salam ƴan uwa. Mu huɗu ne muke haɗa wata ƴar manhajar lissafin adashe, kyauta ce, kod ɗin (rubutun da ake gina manhajar da shi) na kan GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, kowa zai iya gyarawa. Matsalar kowa da aikinsa, ɗayanmu a Rigasa yake kuma wutarsu sai a hankali, sau biyu muna sa ranar fitarwa tana wucewa. Don Allah ya kuke yi?

Injiniya Barnawa: Ƙanina ku daina cewa sai komai ya kammala. Ku tsayar da rana, abin da ya nuna a fitar, sauran ya jira zagaye na gaba. Masu Ubuntu (babbar manhajar kwamfuta ta kyauta) ma haka suke, duk wata 6 suke fitar da sabuwa, Afrilu da Oktoba. Ku ma in wata 2 ne ku yi, amma satin ƙarshe ban da sabon abu, gyaran kurakurai kawai.

Ƴar Malali: Kuma ku cire azumi da satin sallah daga lissafi, wallahi ba mai buɗe laftof lokacin. Ni awa 3 nake samu ranar Asabar, shikenan.

Ɗan Kawo: Na gode yaya. Amma fa wanda ya ɗau aiki ya ɓace sati 3 ko waya ba ya ɗagawa?

Injiniya Barnawa: A ba wani, ba faɗa.