Mai girkin kwangila ko tukunyar gida: muhawarar dangi kan abincin bikin Nana

Yaya Sani: Assalamu alaikum. Baffa, Gwaggo, Kawu, barkanku da yamma. Saura wata biyu ɗaurin auren Nana, har yanzu ba a tsayar da maganar abinci ba. Ga matsayata, na kuma san za a yi mini ca: ba wa mai girkin kwangila aikin nan ya fi tara mata a gida araha. Na yi magana da wata, ta ce roba ɗaya naira 3,000: jalof, yankan kaza, kabeji da ruwan gora. Roba 400 ya kama miliyan 1 da dubu 200. A ba ta kafin alƙalami, ranar yini ta kawo, magana ta ƙare. A bikin Hauwa da aka yi girkin gida, buhu huɗu na shinkafa aka saya, da jarka uku ta mai, da sa guda, amma ranar yini sai da aka aika kasuwar Singa a ƙaro kaya. Har yau babu wanda zai iya faɗin nawa aka kashe.

Zainab ta Gwaggo: Ma'aji ya zo da kalkuleta. Mama na kusa da ni, ta ce in rubuta muku yadda ta faɗa, kada in rage ko harafi.

Ta ce: Sani, miliyan da dubu ɗari biyu a kan shinkafar da za a cinye tsakanin la'asar da magariba? Mu a gidan nan tun auren uwarka mata ke taruwa su ɗora tukwane. Mai ice ta kawo ice, mai tukunya ta aro tukunya, maƙwabta su yi jajjage, 'yan mata su yi wanke-wanke, ba wanda ake biya ko sisi. Wannan shi ne zumuncin. In ka ba wa bare kwangila, mu kuma mu zo mu yi me? Mu zauna a kujera a miƙo mana roba kamar baƙi?

Yaya Sani: Allah ya ƙara girma Gwaggo. Ba wanda ake biya a hannu, gaskiya ne. Amma kowace mai aiki da 'ya'yanta take zuwa, a ci safe, a ci rana, a ci dare, in za ta tafi a cika mata kula. Ke kuma Zainab, kularki ce ta fi ta kowa girma a bikin Hauwa, na gan ta da idona ana saka ta a adaidaita.

Zainab ta Gwaggo: Ladan tuƙin tuwo ne, taubashi. Kai da ka zauna a rumfa kana gaisawa da abokai, me ka tuƙa?

Anti Bilki: Ku ba ni wuri, wannan sana'ata ce ko da ƙarama nake yi. Ku duka biyun kuna auna abu biyu da ba iri ɗaya ba.

Buhun shinkafa mai kilo 50, kwano ashirin ke nan a awon Kano, ni yana fitar mini da roba 350 in ba a cika hannu ba. Ke nan roba 400 ba ta wuce buhu ɗaya da 'yan kwanuka. To Sani, ka ce buhu huɗu aka ci a bikin Hauwa. Ina sauran kusan ukun suka tafi? Ba yini ya cinye su ba. Tukunyar gida ce, wadda ake ɗorawa tun ranar Laraba da baƙi suka fara sauka, ba a sauke ta sai an kai amarya an yi buɗar kai. Kuma wannan tukunyar, ko ka ɗauko mai girki daga Dubai, sai an ɗora ta. 'Yan Gumel da 'yan Maraɗi in sun sauka ba za ka ce su jira robar ranar Asabar ba. Ita 'yar kwangilar taka farashin awa uku ta ba ka, kai kuma kana gwada shi da cefanen kwana biyar.

Yaya Sani: Ke nan kina bayan Gwaggo?

Anti Bilki: Ban gama ba. Gwaggo ma akwai inda lissafinta bai cika ba. Mutane suna ɗauka shinkafa ce ke cin kuɗi saboda ita ake gani a jibge a tsakar gida. A ce buhu dubu 70 ne: raba shi gida 350, shinkafar roba ɗaya naira 200 ce kacal. Kaza kuwa, a ce dubu 8, ka yanka ta takwas, kowane yanka naira 1,000. Roba 400 kaji 50 ke nan, dubu 400. Nama ne kuɗin, sai mai, sai kayan miya, sai ita kanta robar da cokali da ruwa. Kuma a girkin gida naman ne ke tafiya tun yana kasko. Wannan ta ɗanɗana, waccan ta ba wa yaro mai kuka, a ware wa mai gida, a ware wa surukai, a ware wa liman. Na taɓa tsayawa a kan suyar kaji a wani biki, muka ƙirga yanka a baho kafin magariba, da safe aka nemi kusan kashi ɗaya cikin huɗu aka rasa, kuma ba ɓarawo a gidan, duk 'yan uwa ne. Mai kwangila ba ta da wannan matsalar, domin yaranta ba sa jin kunyar cewa a'a.

Ga kuma abin da ba a rubutawa: ice ko gawayi, kurar 'yan garuwa biyu uku a rana, niƙa, hayar manyan tukwane, ƙanƙara, man janareta saboda firiza. Ɗari biyar nan, dubu biyu can, daga aljihun duk namijin da ya gifta ta ƙofar gida.

Baffa: Wa alaikumus salam. Ina karantawa. Abu ɗaya zan ce tukuna: a daina kafa hujja da bikin Hauwa. A 2022 aka yi shi, lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko buhu daga kasuwar Dawanau zuwa gida ma ya zama abin lissafi. Kuma Sani, ita mai girkin, wannan 3,000 ɗin farashin yau ne ko na ranar biki? Na ga inda aka biya rabi, saura sati ɗaya aka bugo waya wai kaza ta tashi.

Yaya Sani: Ta ce in aka biya kashi 70 yanzu za ta tsayar da farashi, Baffa.

Baffa: A rubuta a takarda, da shaidu biyu. A rubuta har girman yankan kazar.

Anti Bilki: Baffa ya yi gaskiya, har da lokacin da bikin ya faɗo. Cikin damina ne. Da a ce Janairu zuwa Maris ne, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ke cika kasuwar Kwanar Gafan, da kwando ba ya ba da tsoro. Amma daga Mayu zuwa Yuli sai ka je 'Yan Kaba ka tambayi kuɗin kwando ka ɗauka ba ka ji daidai ba. In girkin gida za a yi, a sayi kauɗar tumatir da busasshen tattasai tun yanzu, a haɗa da na leda. In kwangila ce, ku sani ita ma haka za ta yi, kada ranar a ce jalof ɗin bai yi ja irin na ɗanye ba.

Maman Hanif: Ni tambayata ɗaya. Wa ya ce mutum 400 ne za su zo? Kati 400 za a buga, ko baki 400 za a ciyar? Domin mu nan kati ɗaya mace huɗu ne da goyo. Ga 'yan gayyar soɗi, ga almajirai a bakin ƙofa. Tukunyar gida tana miƙewa: a ƙara ruwa a miya, a rage hannu, kowa ya samu. Roba kuwa in ta ƙare ta ƙare. Ta 401 sai dai ta kalli ta 400 tana ci. Kuma ba Sani za a zaga a unguwa ba, Umma za a zaga.

Yaya Sani: A sa mai tsaron ƙofa, ba kati ba shiga.

Zainab ta Gwaggo: Mama ta ce a gaya wa Sani, ranar da aka tare ƙawarta ta shekara arba'in a bakin ƙofa aka ce ina katinki, ranar za ta ɗauki mayafinta ta koma gida.

Kawu Isa: Salamu alaikum. Na ga ana ta gardamar wa zai dafa, ba a tambayi sau nawa za a dafa ba. A takardar da aka turo mini akwai kamu, akwai sa lalle, akwai walima, akwai yini, akwai dina, ga abincin maza na ranar ɗaurin aure. Taro shida, kuma fuskokin da za a gani a na farko su ne a na ƙarshe. Abin da addini ya nema walima ce, ita ma a wuyan ango take. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bn Auf ya yi walima ko da da tunkiya ɗaya, kuma Abdurrahman attajiri ne daga baya, ba a ce masa ya jira sai ya yi kuɗi ba. Walimar aurensa (SAW) da Nana Safiyya babu nama babu gurasa, dabino ne da cuku da man shanu aka haɗa. Sannan ku tuna hadisin Abu Huraira, cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar masu hali a bar matalauta. Don haka maganar mai tsaron ƙofa ban goyi baya ba. A rage taron, a bar ƙofa.

Sadiya: Kawu don Allah ban da dina, ƙawaye sun riga sun fitar da anko 😭

Kawu Isa: Wa zai biya abincinta?

Sadiya: Ango da abokansa.

Kawu Isa: To wannan ba ta cikin lissafinmu, tsakaninku da su. Amma kamu da sa lalle ban ga abin da zai hana a haɗa su rana ɗaya ba.

Anti Bilki: In aka haɗa, zoɓo da kunun aya da cincin da ɗan dambun shinkafa sun wadatar, ba sai an yanka kaza ba. Akwai kuma hanya ta uku da ba a ambata ba: mu yi cefanenmu da kanmu, shinkafa daga Singa, nama daga Abbatuwa, mu ɗauko mai girki mu biya ta kuɗin aiki kawai, ta zo da yaranta da tukwanenta. Ribar da take ɗorawa a kan kaya ta dawo aljihunmu. Illarta ɗaya: in abinci bai isa ba, ita ta ce kayan ne ba su kai ba, mu mu ce hannunta ne. Sai an sa mutum ɗaya mai ido ya ƙirga mata kaya a gabanta.

Yaya Sani: Wannan mai idon shi ne ba mu da shi, Anti. Shi ya sa na fi son farashin roba. Ko ya fi tsada da dubu ɗari biyu, na san adadin tun yau, zan iya raba shi tsakanina da Baffa da Auwalu kowa ya san nasa. Girkin gida araharsa a baki take, ba wanda ya taɓa nuna mini ita a rubuce.

Zainab ta Gwaggo: Mama ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, shekara nawa tana aurar da yara ba ta taɓa jin kunya ba. Ta ce kuma waina da miyar taushe da funkaso na surukai ba 'yar kwangilar da za ta taɓa su, ita za ta yi da hannunta, ko da kuɗinta ne.

Yaya Sani: Wannan ko ni ba zan ja ba. Wainar Gwaggo ba a sa ta a roba.

Maman Hanif: Kun manta gudummawa. Matan da Umma ta yi wa biki shekara da shekaru za su rama, wasu da kuɗi, da yawa kuma da kaya: mai kwano biyar na shinkafa, mai galan na mai, mai katan na taliya. Kayan nan mai kwangila ba za ta karɓe su a madadin kuɗi ba. A tukunyar gida kaɗai suke da amfani.

Baffa: To ga yadda na gani, in akwai mai ja ya faɗa kafin Asabar. Yini a ba wa mai girki, roba 300 ba 400 ba, a rubuce. A gida a ɗora babbar tukunyar dafa-duka ranar, saboda wanda roba ba ta kai kansa ba da yaran bakin ƙofa. Abincin surukai na Gwaggo ne. Tukunyar baƙi kuma a yi mata nata lissafin daban, kwana nawa, baki nawa, kwano nawa a rana, gudummawar kaya ta shiga can. Sito a kulle, mukulli a hannun mutum ɗaya, duk abin da ya fita a rubuta.

Zainab ta Gwaggo: Mama ta ce mukullin a kawo mata.

Anti Bilki: Gwaggo, da girmanki, ke ce ba kya iya hana kowa. A ba wa Maman Hanif, ita ba ta da kunyar ido.

Maman Hanif: Yabo ne wannan ko zagi?

Yaya Sani: Na yarda da 300, amma har yanzu ina kan bakana: a ɓangaren yini kwangila ta fi araha, kuma takardar sito za ta nuna. Abin da ya rage mu san baƙi nawa za su kwana, don a san kwano nawa za a riƙa fitarwa. Umma, kina gani?

Umma: Ina gani. Na ƙirga da 'yan Gumel da 'yan Maraɗi da dangin babanku na Bichi, mata 47 ne za su sauka tun Laraba. Ban sa yara ba.