Yaro ya sa hannu a kwangila, doka za ta kama shi?

Mai_Neman_Sani: Salam 'yan uwa, don Allah yaro ɗan shekara 16 in ya sa hannu a takardar bashi ko ya sayi waya a biya kaɗan-kaɗan sannan ya ce ya fasa, kotu za ta tilasta shi?

Dattijo77: A ƙasashe da yawa sai ya cika 18 ake masa kallon babba, kafin nan shi yana iya warware yarjejeniyar amma babban da suka ƙulla da shi ba ya iyawa. Sai dai kayan larura kamar sutura ko wurin kwana, wannan dole ya biya kuɗin da ya dace.

Uwar_Biyu: To wallahi an cuci mai kaya, yaran yanzu wayonsu ya fi na manya, ya more wayar wata uku ya dawo da ita gilashi a fashe ya ce ai ni yaro ne?

Dattijo77: Hajiya ai shi ya sa ake neman sa hannun uba ko waliyyi. Wa ya hana shi tambayar shekaru tun farko?

Ɗan_Makaranta: Kuma in ya cika 18 ya ci gaba da biya, to ya amince kenan, ba fasawa.