Muhawara: Wanda sojan ƙawance ya tsare, wace kotu ce ke da hurumi a kansa?

Abu Hafsat: Ni fa ina nan kan bakana, kotun Birtaniya ba ta da hurumi a kan mutumin da ke hannun sojojin Amurka. Alƙalin da ke zaune a Landan zai ba kwamandan Bagram, inda sojojin Amurka suka riƙa tsare fursunoni a Afganistan, oda? Ta ina?

Maman Khalil: Malam ai ba kwamandan aka ba oda ba. Duba shari'ar Yunus Rahmatullah, ɗan Pakistan, sojojin Birtaniya ne suka kama shi a Iraƙi a 2004 suka miƙa wa Amurka, aka kwashe shi zuwa Bagram a Afganistan. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta umarci ministocin Birtaniya su nemi a dawo da shi, kotun ƙoli ta tabbatar a 2012, tunda akwai yarjejeniyar 2003 da Birtaniya da Amurka suka sa wa hannu, da ta ce wanda ya miƙa fursuna yana iya cewa a mayar masa.

Abu Hafsat: To Hajiya an dawo da shi ɗin? Amurka ta ƙi, kotu ta ce ministoci sun yi iya nasu, shi ke nan, sai 2014 aka sake shi. Meye amfanin hurumin?

Barista Sani: Yallaɓai kana cakuɗa abu biyu. Hurumi daban, iya zartar da hukunci daban. Sashe na 45 na yarjejeniyar Janiba ta huɗu, ta 1949, mai kare farar hula a lokacin yaƙi, ya bar wa ƙasar da ta miƙa mutum wani nauyi a wuyanta, in ana take masa haƙƙi dole ta gyara ko ta nemi a dawo da shi. Wa zai tilasta mata in ba kotunta ba?

Abu Hafsat: Ya je kotun Amurka mana, su ke riƙe da mabuɗi.

Barista Sani: Nan gizo ke saƙar. A 2008 kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa fursunonin Gwantanamo, kurkukun sojan Amurka da ke Kuba, ƙofar kai ƙara kan tsare su, amma a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ta ce na Bagram ba sa ciki saboda fagen daga ne.

Maman Khalil: Abin da ke ci min rai kenan wallahi. Wancan ya ce fagen yaƙi ne ba ruwana, wannan ya ce ba a hannuna yake ba, bawan Allah kuma ya shekara goma a rufe ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Malam Abu, in na yarda da naka, wace kotu lauyansa zai nufa?

Abu Hafsat: Na yarda kotun Landan tana iya tambayar nata ministocin me ya sa suka miƙa shi. Iya nan na tsaya.