Zuma ce ko galla? Baitocin gindin ɗorawa

Ɗan Tudu:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Yau na leƙa Wildlife Park ɗinmu na Jos, gandun da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Gomwalk, wanda gidaje suka matso har bakinsa. Jama'a suka nufi kejin zaki, ni ɗorawa ta tsare ni.

Na je gandu cikin garin Jos da hantsi,
Na iske zuma tana ta ɗibar ɗorawa.
Tuntu ja wur yana ta reto a reshe,
Jemage ya sha da dare, ya bar mata ragowa.
Ƙafafun baya sun cika da garin fure,
Kamar 'yar talla da ta nufi kasuwa.

Na Gwammaja:
Ɗan Tudu, sanyi ya rufe maka ido,
Zuma da galla ba ka iya bambantawa.
Ka tsaya a gindi har kana ƙirga ƙafafu?
Da zuma ce, da ka sha gudu da faɗuwa.
Galla ce, 'yar baƙa marar ƙari,
Mai bin gumi, ido take son shigewa.

Bazazzagi:
Kai! Allah ya ja zamanin Kano. Ɗan Tudu, a kawo maka ruwa?

Ɗan Tudu:
Zuma a kan fure ba ta neman faɗa,
Taɓa amya ka ga yadda ake tserewa.
Ku nemo kuɗin da biri ya haɗiye muku,
Sannan ku zo Jos ku koya mana dubawa.

Na Gwammaja:
Haba! Zancen 2019 ne za ka tono? Gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, da bakinsa ya ce babu goggon biri a Gidan Zoo. Jira ni, ina cikin Adaidaita.

Malam Mai Awo:
Yara, ku dakata. Ɗan Tudu, ɗangon jemagen nan ya ɗara na samansa mai ɗorawa da gaɓa biyu, karin ya karye. Kuma amsa-amon "wa" ai na raggo ne, kowa ya ga dama ya liƙa.

Uwar Biyu, Damagaram:
Baba Malam a yi haƙuri, ni ga nawa.

Kuna musu kan zuma da galla tun safe,
Baƙin nan mai ƙugi fa, wa ya kula da shi?
Yana huda busasshen itace ya yi ɗaki,
Ba sarauniya, ba runduna a bayan shi.
Furen tumfafiyar da ke bayan gidanmu,
Kullum da rana babban baƙonta shi.
Ba ya tara zumar da za ku matse ku sayar,
Shi ya sa mawaƙa ba sa ambaton shi.

Malam Mai Awo:
'Yata, ma'ana ta yi, amma wa ya ba ki izinin sauya amsa-amo ana tsakar musaya? Kuma "shi" huɗu a jere!

Bazazzagi:
Malam, Uwar Biyu ta fi su duka. Na sauya sheƙa, na bar Kano.

Ɗan Tudu:
Bazazzagi, da ma ba a san inda ka dosa ba.

Na Gwammaja:
Na sauka. Ɗan Tudu ka ci bashi. Da Malam nake yanzu:

Malam, awo kake ta yi tun hantsi,
Ba mu ga hatsin da kai kake kawowa.
In akwai baiti a aljihu, fiddo shi,
Gyaran na wani ai ba shi ne iyawa.

Malam Mai Awo:
To ga karin Mutaƙarab, ku ƙirga da yatsa:

Ku auna, ku tsara, ku daina garaje,
Awon nan na waƙa abin girmamawa.

Uwar Biyu, Damagaram:
Baba, kari kam ya zauna daram. Amma ina zumar, ina furen? Kuma wannan "wa" da na gani a ƙarshe, ba ita ce ta raggon ba?