Kalar talabijin ɗina ta ƙi daidaita, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Mabera, nan Sakkwato. Na sayi akwatin Android na kallon bidiyo, na jona shi da talabijin ta wayar HDMI, amma kwana huɗu ke nan ina fama da saitin kala.

Akwatin ya ba ni zaɓin tsarin aika kala zuwa talabijin, RGB ko YCbCr, kuma shi YCbCr ɗin kashi uku ne, gwargwadon yawan bayanan kalar da ake aikawa: 4:4:4, 4:2:2 da 4:2:0. In na sa RGB cikakke, mai ma'aunin 0 zuwa 255, duk wurin da ke da duhu a fim sai ya zama baƙi ƙirin, baƙar riga ba a ganin ko ninkinta. In na koma taƙaitacce, 16 zuwa 235, na taɓa saitin baƙi na talabijin, sai hoto ya yi fari-fari kamar ƙurar hunturu. Yara har sun fara cewa na lalata musu kallo.

Na fahimci yawancin bidiyo a 4:2:0 ake adana su. To in bar akwatin a YCbCr talabijin ya juya kalar da kansa, ko in daidaita ma'aunin akwatin da na talabijin a RGB? Don Allah masana a taimaka.